Gaba Tara

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli
a makarantar gwamnati ta Wurno,
ina ce wa yara tarihi hanya ce, gaba take yi.
Na ja kibiya a allo,
suka kwafa, na ba su maki.

Bana na aje aiki, famfo ya ƙafe,
na kira Arzika ya haƙa mini rijiya a bayan gida.
Shi ma da gaba yake awo,
sai dai tasa ƙasa take yi.

Gaba ɗaya: leda, murfin kwalba, mataccen batir.
Gaba biyu: anini mai huda,
ƙasa ta lashe sunan sarkin da ke jikinsa.
A ta uku guga ya fito da wuri bakwai
da bakin tulu, shatar yatsan maginiya na nan a kai.
Na ɗora nawa. Ya yi mata girma.

Sai toka, kaurinta taki guda.
Na leƙa na ce, Arzika, yaƙi ne ko gobara?
Ko murhu ne da ya shekara ɗari yana tuwo?
Muryarsa ta biyo igiya:
"Mallam, habɗi ba shi faɗin wa yah hura wuta.
Ja guga."

Na ja.
Da dare na zazzage tsofaffin takardun darasi:
dalilai biyar na faɗuwar waccan daula,
sakamako huɗu na wancan yaƙi.
Babu layin da na ba mai tulu.
Ta ma san tana cikin wani zamani?
Wataƙila so take ruwa ya yi sanyi, shi ke nan.

Daga ta biyar babu mu.
Jar ƙasa, marmara, farin yashi
da bai taɓa biyan haraji ba.
Ran Laraba, a gaba tara, ƙasa ta yi gumi.

Arzika ya fito, laka har gira.
Na ce, to duk wannan me yake nufi?
Ya ce, "A bari shi kwanta, gobe a sha.
Saura dubu takwas cikin kuɗina."

Bakin tulun yana kan tagata.
Jikata Ige ta tambaya na wane ne.
Na gyara murya irin ta aji,
sai na ji na ce ban sani ba.
Ta sa yatsanta a shatar, ya zauna,
ta aje, ta ruga wajen wasa.