Lissafin Kaka a Kakuri

An busa usur na ƙarshe ran Lahadi,
aka kwance raga, aka cusa ta a buhu.
Ni kuwa na zauna kan bencin Jatau mai shayi,
na buɗe littafin bashin tiredata,
don a bayansa nake ajiye sakamakon wasa.

Wasa ashirin da biyu.
Mun ci biyar, kunnen doki shida,
sauran sha ɗayan kada ka tambaye ni.
Na goma muka ƙare cikin sha biyu,
maki ɗaya tak ya raba mu da rami.

Bara war haka muna da Cindo,
ƙafar hagu kamar allurar tela.
Masu kuɗi suka zo da mota mai baƙin gilashi,
suka ɗauke shi, da Bulus, da golanmu,
suka bar mana ƙwallaye takwas, da riguna,
da yaran da reza ba ta san haɓarsu ba.

Koci Barau ya ce a yi haƙuri, gini ake.
Na ce, Koci, shekara sha tara na yi a masaƙa
kafin a garƙame ƙofarta da kwaɗo.
Na san daɗewar zare kafin ya zama atamfa,
na kuma san wanda zai tsinke tun daga nesa.

Bayanmu kam rariya ce.
Nafi'u na da tsawo, amma kansa na tsoron ƙwallo,
in an bugo kwana sai ya runtse ido
kamar mai jiran allura a asibiti.
Talatin da huɗu aka zura mana,
tara daga ciki bayan minti tamanin,
lokacin da masu gyaɗa ke haɗa farantai.

Ran da muka je Rigasa, huɗu da nema,
ga ruwan Agusta har cikin aljihu.
Ban ce uffan ba har muka haye gada.
Laraba ta dubi fuskata a bakin ƙofa,
ta ajiye tuwo, ta kashe rediyo.

Amma fa akwai Shekari.
Ɗan sha bakwai, da safe facin taya yake a Nasarawa,
takalmin ma aro ne, ya fi ƙafarsa.
Ran da Kawo ta zo mana, saura minti biyu,
ya tare ƙwallo da ƙirji, ya yanke mutum biyu,
duk fili na ihu, buga, buga!
Bai buga ba.
Ya ɗaga kai, ya hango Mamuda shi kaɗai,
ya miƙa masa kamar mai miƙa goro.
Ba cin ne ya hana ni barci ba,
ɗaga kan nan ne. Wannan ba a koyar da shi.

Ishaya ma, da farko ƙwallo na ƙona masa hannu
kamar doyar da aka ciro daga wuta,
sai ga shi ya kaɗe fenariti a wasan ƙarshe,
ya tashi yana mamakin kansa.

Koci, kana jinkirin canji, na faɗa a gabanka.
Kwamiti, ku biya yaran kuɗin motarsu,
ciki da yunwa ba ya gudun minti casa'in.
Kuma in mai baƙin gilashin nan ya dawo,
ku ce Shekari ya yi tafiya.

Jatau ya ce, me ya hana ka gidan kallo,
ka zaɓi ta Turai, ka huta da hawan jini?
Na ce, waɗancan ba su san sunana ba.
Nan kuwa Mamuda kan rusuna ya gaishe ni,
ya karɓi burodi, ya ce a rubuta.

To, na rubuta.
Na ja layi a ƙarƙashin bana,
na sa ƙungiyar a shafin masu bashi:
kofi ɗaya nake bin ta.
Gurbin ranar biya na bar shi a buɗe.