Ƙafa ta Shida

A Rize ruwan sama ba ya sallama.
Shi ya jiƙa gangaren da nake yankan ganyen shayi,
shi ya kwashe ni, ƙugu ya tsage.
Na kwanta ina ƙirga katakon rufi
har jinin da ya gaji da zama ya dunƙule a cinyata.
Maganin tsinka jini, suka ce, ba yanzu ba,
akwai wuƙa a gabanki.

Sai suka dasa mini 'yar laima marar yadi,
ƙarfe zalla, ƙafa shida, sirara kamar gashin doki,
a babbar jijiyar da ke hawa zuwa zuciya,
ta tsare hanya, ta tare gudan jini kafin ya kai huhu.
Wata uku, in ji su, sai mu cire.

Takardar kira ta tafi tsohon gidanmu,
wanda zaftarewar ƙasa ta cinye wa baranda.
Ni kuwa na miƙe.
Wa ke tuna sanda bayan ƙafa ta taka?
Na aurar da Nurten. Na binne Şevket.
Shekara bakwai, laima na ciki, ba ta ce uffan ba.

Har ranar da baya ya fara sukana daga ciki.

A Trabzon, Likita Tuncay ya juyo mini da hoto.
Kin ga, ta karkace.
Ƙugiyar da za mu kama ta nutse a bangon jijiya,
nama ya bi ta ya rufe.
Wannan ƙafar kuma ta huda, ta leƙa waje.
Na ce, baƙon da ya daɗe ai ya zama ɗan gida.
Bai yi dariya ba.

Ba su sa ni barci ba.
Suka juya fuskata hagu, suka lulluɓe ni da shuɗin ƙyalle,
suka shiga ta wuya.
Ta wuya, jama'a, don abin da ke kusa da cibiya!
Wata nas mai suna Sevgül ta riƙe yatsuna,
hannunta sanyi, kamar ta fito wankin kofuna.

Zarge na farko ya zame.
Na biyu ya zame.
Ina jin numfashin likita, ina jin na'ura tana ƙirga ni.
Miƙo hantsaki, ya ce, a hankali, kamar mai gudun tada jariri.
Sai wani ja, can ƙasa, inda ban san ina da wuri ba,
irin jan da ake yi wa tsohuwar saiwa
in ƙasa ta ƙi saki.
Na kira sunan Allah. Na kira na Şevket, don sabo.

Ƙarfe ya yi ƙara a tasa.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.
Ya sake ƙirgawa.
Ɗakin ya yi tsit.

Ta shida ta karye, tana nan kwance cikin bango.
Tono ta, ya ce, ya fi barinta haɗari.
Za mu sa mata ido. Duk wata shida, hoto.
In ƙirji ya riƙe ki, ko numfashi ya gajarta,
kada ki jira gari ya waye.

Yanzu ina gida, wuyana da ɗan tabo kamar cizon sauro.
Da asuba nakan tace shayi,
in ɗaga rariyar, in dube ta a hasken taga:
ita dai ana gama aiki da ita ake ɗauke ta.

Ban riƙe kowa ba.
Abin ya tsare ni lokacin da nake bukatar mai tsaro.
Amma na rubuta sabon adireshina a takarda uku,
na ba nas, na ba magatakarda,
ta ukun na sa a hannun Likita Tuncay da kaina,
na tsaya har ya karanta.