Uku-Uku

Ƙarfe biyun dare a Manaus,
ruwa na dukan rufin kwano kamar mai bin bashi.
Jandira ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur,
gahawarta ta huce tun ɗazu,
firjin samfura na gurnani a lungu.

Samfur na ɗari biyu da sha bakwai:
jinin wani yaro masunci daga Barcelos,
ya yi kwana biyu a jirgin ruwa cikin ƙanƙara.
Zazzaɓi da ciwon bayan ido, in ji takarda.
Inji ya tauna jinin, ya tofar da haruffa.
Huɗu ne tak, A da T da G da C,
amma sun jeru dubu goma sha biyu,
ba waƙafi, ba aya, ba wurin shan iska,
kamar tururuwa a kan igiyar shanya.

Jiki ba ya karanta su ɗai-ɗai.
Uku-uku yake ɗauka, kamar duwatsun murhu.
Inda ATG ya tsaya, nan ne ƙofa.
A shiga, a yi ta tafiya,
kowane uku ya zura ƙwayar carbi ɗaya a zare,
har a ci karo da TAA, ko TAG, ko TGA,
masu gadin da ba sa jin magiya.
Tsakanin ƙofa da mai gadi fili ne buɗaɗɗe,
abin da aka faɗa a nan, shi jiki zai ƙera,
ko da kuwa makamin da zai kashe shi ne.

To, amma daga ina ake fara ƙirga?

Mahaifinta Aldenor bai san harafi ba,
Baƙin Kogi ya karanta, shekara arba'in da filafili.
Yakan ce, ruwan ɗaya ne, 'yata,
labarinsa ya danganta da gaɓar da kika tsaya.
Wani zazzaɓi ya kwantar da shi ran Talata,
ran Asabar aka naɗe ragar da yake kwana.
A takardar asibiti, wajen sunan cuta,
wani ya ja layi kawai da biro.

Gwada da bakinka, mai karatu.
Rubuta haruffa tara, ka yanka su uku-uku:
uba ina nan.
Yanzu jefar da na farko, ka sake yanka:
bai nan an.
Ba ka ƙara komai ba, ba ka sauya komai ba,
taku ɗaya ka gusa,
mai kira ya wayi gari maraya,
ga kuma wata "an" a rataye
da ba ta sami na ukunta ba.

Haka Jandira ta gusa da harafi ɗaya.
Layin farko, shirme, mai gadi a kowane lungu.
Na biyu ma haka. Ta yi hamma.
Can tsakiya sai ga ƙofa,
ta bi, ba wanda ya tare ta,
uku-uku har sau hamsin da takwas,
ƙaramin saƙo kwance cikin babba
kamar ɗan haya a ɗakin mai gida.
Bairos marowaci ne,
riga biyu yake ɗinkawa da yadi ɗaya.

Ko kuma ba komai ba ne.
Haruffa ma kan yi gamon katar.
Da safe Dalmir zai goge tabarau da gefen riga,
ya ce, ba kowane buɗaɗɗen fili ake nomawa ba,
kawo furotin ɗin in gani.
Wata shida ke nan, in kuɗin bincike bai ƙare ba.

Ta shafa wa wurin launin rawaya.
Ta rubuta lambar yaron a bayan hannunta,
don da safe ta tambaya ko ya ci abinci.
Ruwa ya tsagaita.
Daga tasha, jirgin farko ya yi kuka sau biyu,
ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu
tana jiran na uku.