Dala Ɗaya a Fitowa

Ranar da kuɗin auduga suka iso daga Garwa
ni aka miƙa wa takardar,
don ni ne mai biro, ni na taɓa zama a benci.
Sefa dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Na rubuta: 720720.
Kai da wutsiya kama ɗaya,
kamar 'yan biyu goye a zane guda.

Daren nan ban runtsa ba.
Na sa ta gaban fitila ina feɗe ta kamar rago.
Biyu ta shiga har sau huɗu, ba gardama.
Uku sau biyu.
Sai biyar, sai bakwai,
sai sha ɗaya da sha uku can ƙasan tukunya,
tsakuwoyin da ba turmin da ke daka su.
Ƙashinta ke nan, sauran duk tsoka ce.

Ban taɓa ganin lamba mai sakin hannu haka ba.
Ku zo ku tara, ta raba ku lafiya.
Ku zo ku goma sha huɗu, ba mai harara.
Daga ɗaya har sha shida ba ta da saura,
ba ta san canji ba.
Ƙofofinta ɗari biyu da arba'in ne,
na ƙirga su har mai ya ƙare a fitila.

To mu goma sha bakwai ne.

Sha shida muka yi noman har ƙarshe.
Na sha bakwai Sanda ne, mutumin Lere,
wanda kububuwa ta sara a maimai,
ya kwana arba'in ƙafa a rataye.
Da safe, gindin darbejiya, Yero ya ce:
Malam, ai lissafi ma ya yi magana,
a cire mutum guda, kowa dubu arba'in da biyar da 'yan kai,
sumul, ba ɓurɓushi.
Kowa ya dubi ƙasa.
Sanda ya dubi sandarsa.

Tsoho Bappa Tukur ya tofar da goro:
Lambar nan ta yi huɗa da mu?
Ta sha ranar watan bakwai?
A raba da shi.

Na raba.
Dubu arba'in da biyu, ɗari uku, casa'in da biyar.
Sau goma sha bakwai na lashi yatsa.
Da tabarma ta koma fayau
sai ga ta nan zaune,
dala ɗaya tak,
ja, ta sha hannu, ko ashana ba ta saye.

Aka yi dariya. Wani ya ce a ba yara,
yara suka ce ba sa so.

Tana aljihun littafin ƙungiya har yau.
In na buɗe shi don taro takan faɗo,
ta gangara ƙarƙashin benci,
kuma sau da yawa Sanda ne ke tare ta
da ƙafar nan da ta warke.