Na Sallama

Na shimfiɗa tsohon zanen Hasiya
bisa teburin Nafi'u mai gyaran waya,
can gefen Babbar Kasuwa,
na jera kayan ɗaya bayan ɗaya
kamar mai rabon gado da ransa.

Ga kamarar nan, baƙa wuluk.
Idonta tas: ƙuda in ya gifta
sai ta ƙirga maka ƙafafunsa.
Batir biyu. Guda na kai awa uku,
gudan kuwa dattijo ne, kafin la'asar ya gyangyaɗa.
Ga sharja, ga igiyar haɗawa da tele,
ga ƙafa-uku mai ɗingishi, na ɗaure ta da roba,
makirfo mai gashi kamar jelar kurege,
kati biyu,
da jakar da zif ɗinta sai da lallashi.
Murfin ido ya ɓace a Tibiri ranar wani suna,
na maye shi da murfin kwalbar man shafawa.
Ba ni ɓoye aibi. Duba da kyau.

Jaka ɗari huɗu na zube a kanta,
bana shekara tara.
Ita ta sai mana gero, ita ta rufa ɗakin gabas.
Bukukuwan Zariya, walimar Bagalam,
ƴan kokowa na tsima a fili, ƙasa na tashi,
shekarar da Gulbi ya cika ya haura gonaki,
duk da wannan kafaɗar muka gani.
Tsofaffi nawa suka gyara hula dominta
waɗanda yau sai a cikinta ake jin tarinsu?

Sai kowa ya wayi gari da ido a aljihu.
Amarya na ɗaukar kanta da kanta,
ƙawaye sun tura wa duniya kafin a sha fura.
Wa zai jira Tsahiru kwana uku?

Nafi'u ya juya ta, ya hura mata iska,
ya ce, jaka sittin.
Na ce, albarka.
Ya ce, tsohon yayi ce, Malam.
Na ce, tsohon yayin ya ɗauki auren yayanka,
kana nan gefe da majina.
Ya yi dariya, ya ƙara ashirin.
Muka ja, muka saki, shayi ya huce,
muka tsaya a ɗari da goma.
Injin ban-ruwa nake so. Akwai ƴar gona a Jiratawa,
zogale ba ya cewa ya samu waya.

Ya ce, to share katin tukuna.

Na farko babu komai.
Na biyu, can ƙasa, wani guntu da ban sani ba:
rufin kwano, ƙafar akuya, ƙasa, sama,
numfashin yaro kusa da makirfo,
sannan wani mutum bisa tabarma,
baki buɗe, dugadugai duk faso,
hula ta gangara gefe.
Muryar Barira, lokacin tana da giɓi:
"Ga Baba. Ya gaji."

Daƙiƙa arba'in da biyu.
Shekara tara ina bayanta,
iyakar abin da ta sani nawa ke nan.

Na ce, Nafi'u, cire jaka biyar,
wannan katin ba ya cikin ciniki.
Ya dube ni, ya dubi allon,
ya ƙirgo ɗari da goma cif, bai cire ba.
Na ce, na sallama.

Katin na cikin naɗin hulata.
Wayata mai maɓalli ce, ba ta iya buɗe shi.

Bisa kabu-kabu, wajen shataletale,
rana ta faɗo kan wata mai tallar gyaɗa,
haske irin wanda ake jira wuni guda.
Na runtse idon hagu,
hannuna ya tashi neman kafaɗa.
Ɗan kabu-kabu ya ce, nan za ka sauka?
Na ce, a'a, mu je.