Jaka Ta Bakwai

Ihlas ta dawo daga Madani da wata jakar kuma.
Ta auduga ce, fara sol, da zanen koren ganye a tsakiya,
ƙarƙashinsa an rubuta wai in ceci duniya.
Na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa,
kan 'yan'uwanta shida.
Ƙusar har ta soma sunkuyawa.

Ni kuwa shekara talatin da ɗaya
ina buɗe wa auduga ruwa a gonakin Jazira.
Na san ƙishinta.
Na tsaya a taɓo har gwiwa, tsakar dare,
tocila a haƙori, sauro a kunne,
ina jiran fage ɗaya ya ce ya ƙoshi.
Bai taɓa faɗa ba.
Na ga jirgin feshi ya wuce ƙasa-ƙasa,
washegari kifi ya yi rigingine a bakin magudana.
Shi ya sa in na ɗaga jakar nan, a hannu ba ta da nauyi,
amma na san tulu nawa ta shanye kafin ta zo gidana.

Kada a ce ina kare leda.
Wa zai kare ta?
Akuyata Kyalla ta rame tana tsaye,
ga dusa, ga harawa, ta ƙi.
Da aka farke cikinta
sai dunƙulen leda, ya kai ƙwallon yara.
Je ka bayan kasuwa ka dubi bagaruwa,
ta yi fure baƙi da shuɗi, rani da damina,
furen da ƙudan zuma bai san shi ba.

Ihlas ta ce, Kawu, ai lissafi ne.
Ka je cefane da ita yau, gobe, baɗi, baɗin baɗaɗa,
sai ta biya bashin ruwanta.
Na ce, to, ran Talata wa ya je kasuwa?
Ta rufe baki da gyale tana dariya.
Ta manta su a ƙusa, dukansu.
Tumatir a leda, albasa a leda,
ledojin kuma a cikin wata babba.
Shi ma Babikir mai kanti,
ranar da ya sayar mata da jakar,
a leda ya ƙunsa mata don kada ta yi datti.

Inna Tasalla, Allah ya jiƙan ta,
sanho ɗaya na san ta da shi,
na kaba, abin da maƙwabta ke kira guffa.
Ya ɗauki dawa, ya ɗauki gawayi da busasshiyar kuɓewa,
wata rana ma ya ɗauki ƙanena daga gona yana barci.
Hannunsa ya tsinke, ta ɗinka da fata.
Gindinsa ya huje, ta yi masa maho.
Da ya gaji, kaza ta yi ƙwai a ciki shekara biyu,
gara ta ƙarasa sauran.
Babu wanda ya rubuta komai a jikinsa.

Yau da hantsi na zaro ta can ƙasa,
ta farko, mai tabon man riɗi.
Na zuba wake, na zuba lemun tsami,
sai ga ni gaban teburin mahauci.
Ya ce, nama fa, Baba? Jini zai ɓata ta.
Ya riga ya ware leda,
iska ta cika mata ciki tana kaɗawa.

Na daɗe a tsaye.
Kyalla ta faɗo mini, magudana ta faɗo mini.
Na ce, saka a nan, na wanke.

Ina tafe jini na ɗiga a ƙafata,
ina lissafin wankin:
shi ma ruwa ne.