Hoton da Sagiru Ya Aiko

Ƙanena Sagiru ya aiko hoto daga Rum:
wani gini kamar akushin da ya ɓalle a baki.
Ƙofa tamanin, in ji shi,
mutum dubu hamsin sun taɓa zama ciki,
kowa da matakalarsa gwargwadon rigarsa.
Manya a ƙasa, kusa da jini,
mata da talakawa can sama, maƙwabtan shaho.

Sun shimfiɗa yashi a tsakiya,
ba don taushin ƙafa ba,
shi yashi ba ya ƙin abin da aka zuba masa.
Ƙarƙashinsa lunguna ne, da keji, da igiyoyi,
inda zakin da aka kamo a nahiyarmu
ke jiran a jawo shi sama, cikin tafi.

Ina duban hoton ne a Jos,
zaune a bakin tsohon ramin kuza,
sanyin Disamba na cizon yatsuna.
Shi ma da'ira ne, shi ma hawa-hawa.
Nan kakana Tanimu ya yi ta sauka da kwano a ka,
ya hau, ya sauka, kan 'yan sulalla a mako,
har gwiwa ta ce ta gaji.
Ba wanda ya tafa masa.

Nasu girgizar ƙasa ta ci gefe guda,
magina suka kwashi duwatsu,
amma sai da Sagiru ya yanki tikiti, ya bi layi.
Namu ruwa ya cika shi, kore shar, shiru.
Wata mata na ɗiba tana ba kabejinta.

Na ɗauki hoto zan mayar masa,
sai na rasa me zan rubuta a ƙasa.